Wankin bangon gida bayan damina: a sa injin matsi ko a'a?

Maigida_Soba: Salamu alaikum. Bangon gidanmu na waje, filasta ce da fenti, ya yi kore da baƙi ƙarƙashin indararo. Masu wankin mota sun ce za su zo da injinsu. In yarda?

MaiFenti: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari su matso da bakin injin. Ƙarfinsa na ɗaye fentin ruwa, yana cusa ruwa cikin tsaga, bayan sati ka ga fenti ya kumbura. Koren nan gansakuka ce, magani ke kashe ta. A haɗa Hypo (ruwan bilic na wanki) lita 1 da ruwa lita 4, a ɗan zuba sabulun wanke-wanke. A shafa daga ƙasa zuwa sama don kada ya bar zane, a jira minti 10 zuwa 15, a goga da burushi mai laushi, sannan a ɗauraye daga sama. Da sassafe za a yi, don rana na busar da maganin kafin ya ci. A fara gwadawa a lungu, wani fentin yana koɗewa.

Injiniya_B: Ƙari kaɗan: a kashe wuta, a rufe soket da mita da leda, a jiƙa shuke-shuke tukuna. Kada a gauraya Hypo da asid na wankin tayil, iskar da ke tashi guba ce. In dole sai inji, baki mai faɗi, tazarar rabin mita.

MaiFenti: Kuma a gyara indararon, Alhaji. In ruwa na bin bango, baɗi koren zai dawo.