Da me zan buɗe fayil ɗin CHM a Ubuntu?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani da ke gaba da mu a makaranta ya turo min jagorar PHP, harshen nan na rubuta manhajar yanar gizo, ta imel, sunan fayil ɗin ya ƙare da .chm. Tsohuwar kwamfutar da ke shagon babana a Sabon Gari Ubuntu ce a kanta, wato wani nau'in Linux, ba Windows ba, ta ƙi buɗe shi. Abokina a unguwar Kongo ta Zariya ya sauke shi a Windows 10, jerin babuka ya fito a hagu, amma ɓangaren dama fari fat. Lalacewa ya yi ne? So nake in riƙa karatu ba sai na sayi data ba.

Mai Gyara na PZ:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lafiyarsa lau. CHM shafukan HTML ne, wato irin shafukan intanet, masu yawa aka matse cikin fayil guda, haɗe da jerin babuka da wurin bincike. Microsoft ce ta fito da shi a 1997, shi ya sa Windows ke buɗe shi da kanta, Ubuntu kuwa sai ka sa mata manhaja. Shiga taminal, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka rubuta sudo apt install xchm. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma za ta ɗauka. In ba ta kwanta maka ba, akwai KchmViewer.

Farin shafin nan kuma Windows ce ke toshe abin da aka sauko daga intanet. Abokinka ya danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ya shiga Properties, ya zaɓi Unblock. Ya kuma duba sunan folda. Alamar # a ciki, irin su "C#", tana hana shafukan fitowa. Ɗalibai sun sha kawo min wannan.

'Yar Tudun Wada:
Ni da manhajar Calibre na mayar da nawa PDF, ina karantawa har a waya.

Mai Gyara na PZ:
Hajiya, ga littafin da ake bi daga farko zuwa ƙarshe wannan dabara ce. Amma jagorar PHP shafuka dubbai ce, kuma ba karanta ta ake yi a jere ba, sunan abu ɗaya kake nema ka fita. A PDF sai ya gaji da lalube. In xCHM ta ƙi, gara ya warware fayil ɗin da manhajar 7-Zip ya buɗe shafukan a Firefox.

Ɗan Samaru:
xCHM ta buɗe shi, har binciken yana aiki. Na gode yaya, Allah ya saka da alheri. Zan faɗa wa na Kongo maganar Unblock ɗin.