Za mu je bikin yaye a Edinbara da Hajiya, ina ake iya zuwa a dawo a wuni ɗaya?

Abban Zahra, Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta kammala digiri na biyu a Jami'ar Edinbara, bikin yayensu ƙarshen Nuwamba. Biza ta fito, alhamdu lillahi, ni da mahaifiyarmu za mu je. Bayan biki akwai 'yan kwanaki kafin jirginmu, kuma Hajiya ta rantse ba za ta ƙetare teku don ta zauna a ɗaki tana kallon bango ba. Ita kuwa mai digirin, daga aji sai laburare, da na tambaye ta sai ta ce Gilasgo kaɗai ta sani.

To waɗanda suka san ƙasar Sikotland, waɗanne garuruwa ne kusa da za mu fita da safe mu dawo masauki da yamma? Hajiya na fama da gwiwa, hawa bene sai da dabara. Ga batun salla da abincin halal. Wani abokin aikina ya dage lallai mu je Loch Ness, wai tafkin da ake cewa akwai dodo.

Baban Yasmin, Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, a gaida Hajiya. Na yi karatu a garin, don haka bari in fara da abokin aikin naka: a bar shi da dodonsa. Motocin da ke kai 'yan yawon buɗe ido Loch Ness daga Edinbara kusan awa 12 suke yi zuwa da dawowa. A ƙarshen Nuwamba kuwa rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, kafin huɗu ta faɗi. Rabin tafiyar a duhu za ku yi ta, Hajiya na dunƙule a kujera. Hasken ranar nan shi ne jarinku, kada ku ɓatar da shi a hanya. Duk inda ya wuce tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Waverley, babbar tashar jirgin ƙasa ta Edinbara, ni dai ban ba ku shawara ba.

Haka salla ma. Azahar da sha biyu, La'asar kafin biyu, Magariba kafin huɗu. Kana cikin shan shayi sai ka ga lokaci ya kuɓuce. Ku matafiya ne, ku tambayi malami hukuncin kasaru da haɗa salla tun kafin ku tashi, kuma darduma mai ninkuwa ta zauna a jaka.

Wurin da na fi so wa tsohuwa shi ne South Queensferry. Ɗan ƙaramin gari ne a bakin ruwan Forth, kuma daga titinsa kana ganin gadoji uku a jere: jar gadar jirgin ƙasa ta 1890, ta motoci ta 1964, da sabuwar da aka buɗe a 2017. Jar nan ita ce abin kallo. Tsawonta kusan kilomita biyu da rabi, ƙarfe zalla, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015, kuma har gobe jirage na bi ta kai. Ku sami shagon shayi mai taga ta wajen ruwa, ku zaunar da Hajiya. Duk bayan ɗan lokaci za ta ji rugugi daga sama, ta ɗaga kai ta ga jirgi ya zama ɗan mitsitsi a cikin ƙarafan. Amma ku hau bas daga cikin Edinbara, shi yake sauke mutum a gari. Tashar jirgi ta Dalmeny a kan tudu take, gangarowa zuwa bakin ruwa akwai matakala masu yawa.

Ranar Juma'a ku ba Gilasgo. Minti 50 ne zuwa tashar Queen Street, nisan kusan rabin Gombe zuwa Bauchi. Ku fara da gidan tarihi na Kelvingrove, shiga kyauta ne, akwai lif, akwai kujeru, akwai ɗumi. Daga nan tasi zuwa babban masallacin garin da ke ƙetaren kogin Clyde, wanda aka buɗe a 1984. Abincin halal kuwa a Gilasgo sai wanda ka zaɓa, musamman unguwannin kudu inda 'yan Pakistan suka yi yawa.

Stirling ma kamar minti 50 ne. Tsohuwar fadar sarakunan Sikotland da ke garin na kan dutse, ku ɗauki tasi daga tasha har bakin ƙofa. Nan kusa aka gwabza yaƙin Bannockburn a 1314, inda sarkin Sikotland Robert the Bruce ya fatattaki rundunar sarkin Ingila, kuma har yau ba su gaji da ba da labarin ba. Hasumiyar tunawa da jaruminsu William Wallace dai ku kalle ta daga nesa, matakalarta 246.

Maman Hanif, Fantami, Gombe:

Baban Yasmin ya faɗi gaskiya, sai dai Stirling ɗin nan ban goyi baya ba. Farfajiyar fadar duwatsu ne aka jera, ga gangara, in an yi yayyafi santsi kamar me. Da na kai surukata, a ƙofa ta zauna ta ce mu je mu dawo.

Yaya, abin da maza ba za su gaya maka ba shi ne sutura. Atamfa da mayafi ba sa tare iskar can. A saya wa Hajiya dogon wando na ciki mai ɗumi, safa mai kauri, safar hannu, da takalmi rufaffe mai kama ƙasa, sai ta ɗora abayarta a kai. Lema ba ta da amfani, iska ke juya ta, rigar ruwa mai hula ta fi. A cika fulas da shayi mai citta kafin a fita. Kilishi da dambun nama kuma kada a saka a akwati, doka ta hana shiga Birtaniya da nama daga Najeriya, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

In rana ta yi kyau ku gwada North Berwick, rabin awa da 'yan mintuna ne. Bakin teku ne, gari a shimfiɗe, kana hango tsibirin Bass Rock da kashin tsuntsaye ya mayar fari. St Andrews kuwa ana yawan zuga shi saboda tsohuwar jami'arsu ta 1413 da filin wasan golf, amma jirgi ba ya shiga garin, sai an sauka a Leuchars an sake hawa bas. Ga mai ciwon gwiwa cikin sanyi, wahala ce.

Malamin Tarihi, Azare:

Ni nawa ɗaya ne. Ka tuna Mungo Park da aka sa mu haddace a firamare, wai shi ya gano kogin Kwara, alhali mutanen Yawuri sun daɗe suna su a ciki? Ɗan Sikotland ne. An haife shi kusa da Selkirk a 1771, ya mutu a Bussa a 1806, kuma gunkinsa na tsaye a tsakiyar Selkirk. Layin dogon da aka buɗe a 2015 yana kai mutum Galashiels cikin ƙasa da awa ɗaya, daga nan bas. Clapperton da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824 shi ma ɗan Sikotland ne, amma garinsu Annan ya yi nisa. In ka je Selkirk ka ɗauko mana hoto, ɗalibaina su gani.

Abban Zahra:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka. Ta zaɓi gada da Juma'ar Gilasgo, ta ce teku in Allah ya kawo rana. Maganar kilishi ce ta ɓata mata rai, don ta riga ta ba da sautu. Malam, Selkirk sai dai in je ni kaɗai ranar da take hutawa. Saura tikiti, sai na saya tun daga nan?

Baban Yasmin:

A'a, waɗannan gajerun tafiye-tafiyen a tasha ake saya ranar, ka ce na zuwa da dawowa. Abin da ƙanwarka za ta yi tun yanzu shi ne ta nema wa Hajiya taimakon fasinja daga ScotRail, kamfanin jiragen ƙasan Sikotland. Kyauta ne, ma'aikaci zai tare ku da keken guragu a Waverley ya kai ta har ƙofar jirgi.