Kwalin Yaya Ya Maƙale a Gidan Waya: Musayar Baitoci

Malamin Firamare

Assalamu alaikum. Wata na biyar ke nan ina jiran wani kwali da yayana ya aiko, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na gaji da faɗa da baki, bari in faɗa da waƙa. Ƙafiyar "ya" ce, wanda ya ga zai iya, bismillah.

Da sunan Allah zan fara,
Shi ke bai wa bawa basira,
Salati ga Manzo in ƙara,
Sannan in koka da gidan waya.

Yaya ya aiko ɗan kwali,
Ya liƙe shi da gam tun awwali,
Ya yi rajista bisa asali,
Tun Sha'aban, daga Birtaniya.

Tabarau na Inna na ciki,
Da takalmin Auta na biki,
Ya ce, "Wata guda, ba mamaki,
Kafin Sallah zai zo lafiya."

Azumi ya zo ya yi sallama,
Sallah ta wuce ina ta nema,
Naman Layya ma an gama,
Kwali shiru kamar a rijiya.

Lambar bibiya na hannuna,
Ina danna ta har a barcina,
Kullum amsa ɗaya a gabana:
"Ya sauka Legas." Ta ƙi sauya.

Na je ofis da sanyin safe,
Na tarar da ƙofa a rufe,
Mai gadi na gyangyaɗi a gefe,
Wai mai makulli ya yi tafiya.

Na koma ranar Talata,
Akawu na zaune bayan kanta,
Ya ƙi karɓar takarda ya karanta:
"Ba sabis, dawo jibi da safiya."

Ya ɗora kula kan wani kwali,
Ya buɗe ta a cikin hankali,
Ina tsaye kamar gaban alƙali,
Yana dangwalar waina da miya.

Na buga lambar masu ƙorafi,
Kiɗa suka sa min mai ƙarfi,
Kuɗin katina duk ya tafi,
Ban ji ɗan Adam ba a kan waya.

Jinkiri ba shi ke ci na ba,
Kaya kan makara, ban musa ba,
A ce wai an rasa mai duba,
Ya gaya min inda aka kai kaya!

Inna ba ta ganin baƙin Alƙur'ani,
Kullum da safe sai ta tambaye ni,
Me zan ce mata? Jama'a ku ji ni,
Na ƙare dabarun yin ƙarya.

Hajiya Mai Atamfa

Malam, sannu, na ji ka sarai,
Amma naka da sauƙi ƙwarai,
Ni kamfani na biya, har da na mai,
Na zaci tsada ce gaskiya.

Ankon biki ne, turmi shida,
Na aika Jos daga nan gida,
Suka ba ni rasit domin shaida,
Wai jibi zai sauka da safiya.

An ɗaura aure an watse,
Na kira su, layin suka katse,
Na sake kira, yarinya ta rantse
Wai kaya na hanyar Zariya.

Kwana tara sannan ya ɓullo,
Kwalin ya zama abin kallo,
Kamar an taka shi a filin ƙwallo,
Turmi biyar, na shida ya ɓuya.

Suka ba ni fom wai in cika,
Na cika uku, duk dai haka,
Uwar amarya na min kuka,
Daga aljihuna ni na biya.

Bayan amarya ta tare da ango,
Sai ga saƙonsu ya shigo,
Na karanta na jingina da bango:
"Yaya kika ga aikinmu, Hajiya?"

Tsohon Masinja

'Ya'yana, ku yi min uzuri, abincin gidan nan na ci har na yi ritaya, ba zan ji ana jifansa in yi shiru ba. Gidan ya girme mu duka. Turawa sun buɗe na farko a Legas a 1852, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911 wasiƙa ta samu ƙafa zuwa Arewa.

Ɗana Malam, na ji kukanka,
Ba na musun komai a zancenka,
Amma ka ba ni aron kunnenka,
Na yi talatin a gidan waya.

Na kama aiki zamanin P&T,
Tarho da wasiƙa na hannun gwamnati,
Gida ɗaya, ga layi ga akwati,
Sai 1985 aka raba tafiya.

Jirgin ƙasa ke kawo buhu,
Mu je tasha tun da sauran duhu,
Mu ware wasiƙu sahu-sahu,
Kowane gari da gurbin ajiya.

Keke da kaki da jakar fata,
Ko ana ruwa sai mun fita,
Wasiƙar ɗa in uwa ta karɓe ta,
Har ƙwai takan ba ni na godiya.

A ƙofa ga mai rubutun wasiƙa,
Tsohuwa ta faɗa, shi ya riƙa,
Kan sarki a lasa a liƙa,
"Bayan gaisuwa" ta kama hanya.

Ɗan makaranta na jiran fas'oda,
Kuɗin da uba ya turo daga gida,
Katin zaɓen rediyo, goma ko shida,
Duk ta hannunmu suka zaga duniya.

2001 ta zo da salula,
Wasiƙa ta rasa mai kula,
Kuɗin shiga ya faɗi jimla,
Motar ofis ta rasa taya.

Ku ma ku duba adireshinku,
Ba lamba a ƙofar gidajenku,
"Bayan masallaci" ne kwatancenku,
Masallaci nawa ne a unguwa ɗaya?

"Kusa da mai shayi, gidan Alhaji,"
Na sha yawo har na gaji,
Layi guda, Alhaji goma za ka ji,
Mai shayin kuma ya tashi tun jiya.

Amma akawun da ya ƙi duba,
Wannan ban goyi bayansa ba,
Mu ba haka aka koya mana ba,
Littafi ake buɗewa a bi kaya.

Kafin in manta: lambar yanki a Najeriya alƙaluma shida ce. Ta babban gidan wayan Kano 700001, ta Kaduna 800001. A cikinku wa ya san ta unguwarsu? Kar wanda ya tashi nema a waya, na ce a ka.

Malamin Firamare

Baba, Allah ya ja da ranka,
Na yarda da rabin hujjarka,
In mai keke ya ɓata, ba laifinka,
Unguwarmu ko ni tana ba ni wuya.

Amma ni ba a gida nake jira ba,
Ban ce a bi lungu a nemo ni ba,
Na kai kaina, ban aiki yaro ba,
Ga ni ga ofis, ina sauran tambaya?

Ɗan Kamasho

Ni wannan "ya" ɗin taku ta yi min tsauri, ku bar ni da tawa.

Ku zo tasha, jama'a, ga mota,
Mu babu "dawo ran Talata."

Lambar mai karɓa ka rubuta
A jikin jaka, sai ka huta.

Lambar direba ka riƙe ta,
In ka ji shiru ka kira ta.

Ba da jaka da hantsi ka manta,
Kafin magariba Jos ta gan ta.

Direba na da gida da mata,
Mun san uwarsa, mun san ƙofarta.

In ya ci amana, ko ta allura ce ta ɓata,
Akwai ƙungiya, ita za ta hukunta.

Hajiya Mai Atamfa

Ɗan kamasho, ka sauya layi,
Ƙafiyar ce ta yi maka nauyi?
Na gwada tasha, ga abin da ta yi:
Farin leshi a but tare da akuya.

Ya iso da wuri, wannan na yarda,
Sai dai ko an naɗe shi da takarda,
Kowa ya shinshina zai ba da shaida
Da wa ya yi maƙwabtaka a tafiya.

Amma abu guda ba zan ɓoye ba,
Direban bai kashe waya ba,
Ya ce, "Laifina ne," bai musa ba,
Ya mayar da rabin kuɗin, ya ji kunya.

Baƙon Kumasi

Gaisuwa daga zango. Baba Masinja, maganar lambar gida ce ta fito da ni.

Tun 2017 mu nan Gana,
Akwai lambar da waya kan nuna,
Ta inda kake tsaye ko kake kwana,
Haruffa da alƙaluma a jere ɗaya.

Amma mai babur in ya taso,
Ba ya duba lamba in ya iso,
Kira yake, "Ta ina zan kutso?"
"Ka ga mai koko? To nan ka tsaya."

Lamba, Baba, tana da amfani,
Sai dai ba ta amsa kiran wani,
Dole a samu mutum mai imani
Da zai miƙe ya leƙa ma'ajiya.

Mai Shayin Bakin Layi

Baba, ka taɓo ni, zan tanka,
Ni ne adireshin unguwarka,
Saƙo nawa na karɓar wa ɗanka?
Ba wanda ya ba ni ladan ajiya.

Ƙarƙashin tebur ga ƙunshi huɗu,
Ɗaya daga Fatakwal, can kudu,
Mai babur ya dire ya gudu,
Mai shi ban san shi ba a duniya.

In gwamnati na son gyara,
Ta sa ni a albashi, ta ƙara
Da kan sarki kusa da madara,
Ni ne reshen gidan waya.

Tsohon Masinja

Mai shayi, na janye, a zuba min kauri in na zo. Malam kuma ka yi gaskiya, wanda ya kai kansa ba a ce masa ba a san gidansa ba. Ga abin da za ka yi.

Ɗana, gobe ka wuce kanta,
Wurin shugaba ka je ku zanta,
Kayan rajista sai an rubuta
A littafi kafin a kai ma'ajiya.

Ka riƙe katin shaida da lamba,
In kwastan sun sa kuɗi ka duba,
Rasit za ka nema, ba na goro ba,
In an ce goro, kira ni a waya.

Malamin Firamare

Jama'a na dawo. Wanda ke tsaye ya zauna.

Baba, na bi abin da ka ce,
Shugabar ofis ɗin mace ce,
Ta buɗe littafi, ga shi a rubuce:
Ya iso tun azumi na sha ɗaya.

Masinja ya shiga ɗaki ya fito,
Ya ce babu ƙarami babu ƙato,
Na juya zan tafi, ba zato
Idona ya faɗa kan kular miya.

Kwalin nan da ke ƙarƙashin kula,
Da nake gani tun ƙaramar Sallah,
Shi na sha wa duk wannan wahala,
Ga sunana da rubutun Yaya.

Sai dai Baba ka faɗi daidai,
Yaya "bayan masallaci" ya sa kawai,
Lambar wayata kuma, ka ji dai,
Garin sauri ya tsallake ɗaya.

Amma sau tara ina tsaye gabansa,
Takarda da lamba ina miƙa masa,
Kwalin na nan dab da gwiwarsa,
Ya gagara ko ya sunkuya.

Ya goge man da gefen riga,
Ya ce, "Da ka ce kwali ne, ka ga,
Da an ba ka tun ranar da ka shiga."
Shugaba ta ce in yafe, ta ji kunya.

Tabarau lafiya, Inna ta saka,
Ta dube ni ta ce, "Ka rame haka?"
Takalmi kuwa da Auta ya taka,
Yatsu sun shiga, ban da dunduniya.

Hajiya Mai Atamfa

Alhamdu lillahi, a gai da Inna,
Takalmin lamba nawa? Faɗa mana,
Akwai jikana can a Minna,
In ya yi masa, ni zan saya.

Ɗan Kamasho

Minna? Kawo shi tasha, ga mota,
Ba akuya yau, Hajiya, na duba but ɗinta.

Malamin Firamare

Hajiya, lamba 28 ne, ki turo ɗan aike. Kwalin ne dai ba zan haɗa miki da shi ba.

Da zan fita akawu ya biyo ni,
Na ɗauka haƙuri zai ba ni,
Ya ce, "Malam, in ka kwashe, taimake ni,
Dawo min da kwalin, kula ba wurin ajiya."