Abin da makiyayan Daura suka ce kan kiwon awaki

Bakinsu ya zo ɗaya kan bunsuru: a riƙa canja shi kafin ya fara bin 'ya'yansa, in ba haka ba a samu 'ya'ya raunana. Kada a bari a barbari 'yar akuya kafin ta kai wata 8. Ciki wata 5 ne, kuma ɗan ya sha dakashi tun ranar haihuwa.

Sun fi daɗewa kan kumburin ciki. Ɗanyar ciyawar farkon damina ko dusa mai yawa lokaci guda ke kawo shi, don haka a fara ba su harawa da safe. A tsince leda a tsakar gida, tana toshe tumbi. Akuyar da aka sayo daga kasuwar Mai'aduwa a ware ta mako 2, a yi mata rigakafin PPR, wato annobar awaki da tumaki.