Wanda ya bugo wa Malam waya, me za mu ce masa?

Jiya bayan isha'i ina shagon telana a Tudun Wada ina jiran ɗinki, talabijin na kunne ana shirin fatawa. Sai mai gabatarwa ya ce, "Muna da kola a layi," wato "caller" ta Turanci. Tela ya ɗago daga kan keke ya ce, "Kola kuma? Mai sanyi ko mai ɗumi?"

Ashe dattijo ne ya bugo. Ya yi sallama cikakkiya, ya ce Allah ya gafarta Malam, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya nemi afuwa idan tambayarsa ta jahilci ce. Mutum ya zo da wannan ladabi a ce masa kola? Ai da sake.

Abin da ya fi kusa da baki shi ne "mai kira". A shirin siyasa ko ƙwallo ba laifi. Amma a zauren addini kalmar tana da masu ita: ladan ne mai kiran salla, mai wa'azi kuma mai kira ne zuwa ga Allah. Ka ce "mai kira ya yi kuskure", wani zai ɗauka Malam kake nufi.

"Mai tambaya" tsohuwa ce, kuma tana da mutunci. Rediyon Kaduna tun 1962 yake, wayar salula ta GSM kuwa sai 2001 ta shigo, don haka shekara da shekaru a wasiƙa tambaya take zuwa, a buɗe a ce "mai tambaya yana cewa". Matsalar ita ce yanzu ba kowa ne ke da tambaya ba. Wani gyara ya kawo, wata addu'a take nema wa mara lafiya, wani kuma gaisuwa ce zalla, ka rantse Zaɓi Sonka ake yi.

"Mai bugowa" daidai ce, sai dai a bushe take.

Ni "mai sallama" na zaɓa. Duk wanda ya shigo layi da ita yake farawa, kamar wanda ya tsaya a ƙofar zaure. Tana kuma sauƙaƙa abin da ya fi ba masu gabatarwa wuya, wato katse babba ba tare da an ci fuskarsa ba. Maimakon "yi sauri, lokaci na tafiya", sai a ce, "Baba mai sallama, bismillah, a shigo da tambayar, akwai wasu a bakin ƙofa."

Tela bai yarda ba. Ya ce sallama baki biyu gare ta, da ita ake shiga, da ita ake rabuwa, kuma wanda aka kora daga aiki ma an sallame shi ne. Shi "baƙon Malam" ya fi so, wai baƙo ba a yi masa tsawa. Na ce to idan malama ce a zaune fa, ko malamai uku? Ya ce in dawo Laraba, rigar ma ba a sa mata aljihu ba.