Kano zuwa Jidda a jirgi: awa nawa kuka yi a sama?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah ya yarda zan raka mahaifiyata Umara bayan Sallah, kuma ba ta taɓa hawa jirgi ba. Tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, shi ya sa nake so in san tsawon zaman da ke gabanta. Wani ya ce min awa huɗu da rabi, wani ya ce kusan bakwai. Don Allah wanda ya je ya faɗa min abin da ya gani.

Alhaji daga Fagge:
Wa alaikumus salam. Duk su biyun gaskiya suka faɗa maka. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne in an miƙe. A 2019 mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka bi ta saman Chadi da Sudan, muka tsallake Bahar Maliya, ba mu cika awa biyar ba muka sauka. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma zagaye, har kuɗin kujera ya ƙaru. Na je Hajjin shekarar, mun haura awa shida a zaune, ƙafafuna duk suka kumbura. Ka tambayi masu tikitin ta inda jirgin yake bi yanzu.

Hajiya daga Gwale:
Ɗana, ni abin da ya wahalar da ni ba zaman jirgin ba ne, yada zango ne. Na sayi tikiti mai sauƙi ta Addis Ababa, muka kwana a kan kujerun filin jirgi cikin sanyi, sai washegari muka isa. Ga wadda ke da gwiwa, ka ƙara kuɗi ku tafi kai tsaye. Ka nema mata kujerar bakin hanya don ta riƙa miƙewa, ka kuma nemi keken turawa tun wajen awon kaya. Maganinta da ɗan dabino su zauna a jakar hannu. Kuma agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu; ni na rikice, na sha maganina ba a kan lokaci ba.

Malam daga Katsina:
In Makka za ku wuce daga Jidda, a cikin jirgi za ku ratsa miƙati. Ni tun a Kano nake ɗaura harami, in an yi sanarwa sai in yi niyya. Ka lissafa da layin duba fasfo da tafiyar mota zuwa Makka, wadda ta ɗauke mu fiye da awa ɗaya.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ɗauki shawararki, kai tsaye za mu tafi. Gobe zan kai ta wajen likitanta ya tsara mata lokutan shan maganin.