Shawarwarin da na tattaro kan buga dara a kwali

To jama'a, jiya da dare a majalisarmu nan Garwa na kawo zancen cewa ina so in fara buga dara da lido a kwali ina sayarwa, wallahi har shayi ya huce ana ta musu.

Kawu ne ya fara, ya ce ɗana kar ka raina ƙaramin jari, kamfanin wasanni Games Workshop na Ingila ma abokai 3 ne suka fara shi a 1975 cikin ɗakinsu a Landan, allunan wasa na katako kawai suke yi da hannu, sai a 1978 suka buɗe shago na farko. Wato in fara da kwali 50 in kai kasuwa in gani tukuna.

Wani malamin makaranta kuma ya kawo labarin kamfanin wasanni TSR na Amurka, sun fara a 1973, bugu na farko na wasansu Dungeons & Dragons kwafi 1,000 ne kacal kuma ya ƙare, amma daga baya suka yi ta buga kaya ba lissafi, 'yan sari suka dawo musu da wanda bai shiga ba, bashi ya yi musu katutu har wani kamfani ya saye su a 1997. Nan ne jikina ya yi sanyi gaskiya, don ni ma bashi na so ci.

An kuma ce ƙa'idar wasan in rubuta da Hausa da Fulatanci da Faransanci, 'ya'yan dara 24 ɗin a sa su a 'yar jaka don yara ba sa barin abu. Maganar farashi dai ba a daidaita ba, kowa da sefar da yake faɗi.